Kwamin da Mista Tuckwell Ya Gina wa Dawaki

A duk tsibirin Hong Kong ba a yi babban mutum kamar Mai Girma Ambrose Tuckwell ba. Wasu a jarida suka karanta girmansa, wasu a majalisa suka ji. Ni a kafaɗata na san shi. Shekara goma sha tara ina riƙe da sandar gaba ta hagu a kujerar da ake ɗaukarsa. Saboda haka in na ce mutumin nan babba ne, ba labari aka ba ni ba.

An haife shi a wani gari na Ingila inda ya ce ko ruwan sama cikin ladabi yake sauka. Ya zo nan da akwati ɗaya da hula ɗaya, siriri kamar sandar gora. Tsofaffin tashar jirgin ruwa sun ce a lokacin mutum biyu sun ishe shi, har ɗayan na iya sosa ƙeya a hanya. Bai daɗe ba ya gano abin da ba wanda ya gano kafinsa. Turawan tsibirin nan suna tsoron kifin da aka kamo da safe a gaban idonsu, amma sun amince da kifin da ya yi wata biyar a gwangwani cikin jirgi. Sai ya shiga sayar da kifin gwangwani a garin masunta. Ya yi arziki. Daga kifi ya ƙara sabulu, daga sabulu ya ƙara lema, daga masu ɗauka biyu ya koma huɗu. Mu a bakin aiki Buhu Uku muke kiransa, don abin da kafaɗa ta auna ke nan. Bayan ya shiga majalisa wasu suka ce a ƙara rabin buhu, amma sunan ya riga ya zauna.

Shigarsa majalisar Gwamna kuwa, ya sha faɗa cewa ba shi ya nema ba, jama'a ce ta kira shi. Gaskiya ne. Na ga jama'ar da idona, don ina tsugune a ƙofa ranar. Su goma sha ɗaya ne, duk 'yan kasuwa, suka ci agwagwa a kulob ɗinsu, suka ɗaga hannu.

Daga ranar ya zama uban talakawa. Shi ya sa wa kansa sunan, don kada a wahalar da talakawan. Kuma ya yi ƙoƙari ya kusance mu. A shekara ashirin da biyu ya koyi kalma huɗu na harshenmu: ɗaga, sauri, tsaya, wawa. Ni kuwa na koyi nasa harshen duka, ta ƙeya na koya. A cikin kujera yake gwada jawabansa, da safe in za mu sauka, da la'asar in za mu hau. Yana magana yana kaɗa hannu, kowane kaɗawa kuma sai ya biyo sanda ya sauka a ƙashin wuyana.

"Ya ku 'yan majalisa masu daraja," in ji shi a saman kaina, "babu wanda ya san nauyin da ke kan ɗan ƙasar nan kamar ni!"

Wannan magana ban taɓa musanta ta ba.

Gidansa na can ƙolin dutse inda iska ke da sanyi, ofishinsa na bakin teku. Tsakaninsu matakala ɗari bakwai da arba'in. A tsakiyar hawan akwai ɗan fili shimfiɗaɗɗe da muke kira Mahuta. Ƙatuwar ceɗiya ce a wurin, da idon ruwa da ke fitowa daga jikin dutse ta tsagin gora, da ɗan dutsen Kakan Ƙasa, abin bautarmu mai tsare wurin, a gindin bishiyar, kullum da tokar turare a gabansa. Duk mai ɗauka in ya iso Mahuta zai sauke kaya. Tafin hannu na farko a zuba wa Kakan Ƙasa, na biyu a sha, na uku a jiƙa wuya. Sannan a ɗaga. Kayan da aka sauke a Mahuta ba a ɗaga shi da busasshen maƙogwaro. Haka muka tarar, haka waɗanda suka koya mana suka tarar, tun Turawa ba su san hanyar tsibirin ba.

Ga matasa wannan al'ada ce. Ga Kawu Ngau kuwa rai ne. Shi ke riƙe da sandar baya ta dama, shekararsa sittin da ɗaya, ƙirjinsa na busa kamar tsohon zugazugi. In ya sha ruwan Mahuta ya jiƙa wuya, yana kai ƙolin dutse da ƙafarsa har da ba'a a baki. In bai sha ba, ba zai kai ba. A sana'armu kuwa wanda sanda ta taɓa kuɓuce masa sau ɗaya, ya gama. Ba mai sake ɗaukarsa aiki daga wannan bakin tsibiri zuwa wancan. Sai komawa ƙauye, inda ba abin da ya rage wa Kawu Ngau sai kaburburan iyayensa.

Buhu Uku ya tsani Mahuta. Ba don ɓata lokaci ba, ko da yake haka yake faɗa. Abin da ke damunsa shi ne in an sauke kujera, kansa na dawowa daidai da kan kowa. Matan da ke hawa da kwandunan kabeji sukan tsaya su leƙa shi. Wata rana wata tsohuwa ta tambaye ni ko ba shi da lafiya ne ake ɗaukarsa. Bai ji abin da ta ce ba, amma ya ga tausayi a fuskarta, kuma bai yafe ba.

Sai ya tafi hutu Ingila, ya dawo da ƙarin ƙiba da sabon tunani. A can, in ji shi, duk babban mutum mai tausayi yana gina wa dawaki kwamin shan ruwa a bakin hanya, a sassaƙa sunansa a jiki. Sati biyu muna ɗauke da jawabin sama da ƙasa.

"Ana gane wayewar al'umma ta yadda take kula da dabbobinta! Shin za mu zuba ido doki, wannan bawan ɗan adam da ba ya iya kai ƙara, ya hau dutsen nan cikin ƙishirwa? Ni, Ambrose Tuckwell, zuciyata ba za ta ɗauka ba!"

An ce ranar da ya karanta shi a majalisa har wani ya share hawaye. Duk 'yan majalisar ta matakalar nan ake bi da su kullum, amma ba wanda ya taɓa duba ƙasa ya ga me ke tafiya da shi. Wani akawu ne kawai ya yi ƙarfin hali ya ce tun da aka sare matakalar ba a taɓa ganin doki a kanta ba.

Mai Girma ya dube shi da tausayi. "Yaro, ba doki ne saboda ba kwami. A gina kwami, dawaki za su zo."

Aka yi doka. Ruwan Mahuta na dawaki ne. Duk ɗan adam da aka kama yana sha, kwana bakwai a kurkuku, don kada ƙazantar mutane ta cutar da dabbobi.

Tsibirin nan gaba ɗayansa dutse ne, amma dutsenmu bai yi masa ba. Daga ƙetare aka kawo farin dutse a jirgi. Mu ashirin da huɗu muka hau da shi. Aka cire tsagin gora, aka sa bakin famfo na tagulla mai siffar kan zaki. Aka ture Kakan Ƙasa zuwa bayan bishiya. Aka sassaƙa AMBROSE TUCKWELL da haruffa masu tsawon tafin hannu. Aka kuma kafa Kofur Harnam, ɗan sanda Ba'indiye mai rawani, ya tsare ruwan da kulki har ranar da Gwamna zai zo ya buɗe.

Za ka ce me ya hana mu rataya buta. Mun rataya. Ya ce tana ɓata tsarin fararen rigunan da ya ɗinka mana masu jan harafin sunansa a ƙirji. Aka cire.

Tun daga ranar ba mu ƙara sauke kujera a Mahuta ba. Da mu sauke mu kasa ɗagawa, gara mu wuce. Muna wucewa muna jin ruwa na zuba a kwami, ya cika, ya malala a banza. Kofur Harnam kan juya mana baya, ya yi kamar yana ƙirga jiragen da ke teku. Shi ma ba ya sha. Dokar ba ta bar shi ba.

Rana ta tara, wajen matakala ta ɗari shida, na ji sanda ta yi wani irin lanƙwasa a kafaɗata. Mai ɗauka ba ya buƙatar waiwaye, sanda ke gaya masa abin da ke faruwa a baya. Gwiwar Kawu Ngau ce ta sare. Bai saki ba. Ya dafe, ya miƙe, muka ƙarasa. Amma kujera ta karkata, hular Mai Girma ta zamo masa kan hanci a tsakiyar wata jimla mai daɗi.

Da muka sauke shi a ƙofar gida ya kira mai kula da gidan. "Tsohon nan na baya ya gaji. Bayan bikin buɗewa a nemo mini saurayi. Kada a yi kafin biki, ba na son sabuwar fuska ta ɓata mini tafiya."

Kawu Ngau na zaune a ƙasa yana neman numfashi. Ya kira sunana. "Shing, me ya ce?"

"Ya ce kana ƙoƙari, Kawu."

"Ƙarya kake, ɗan banza. Tun kana tsoron sandar kujera nake ganin fuskarka." Ya tofar da yawun da babu. "In na faɗi a matakalar nan ka gaya wa Buhu Uku akwai fili a kabarina da zai rubuta sunansa. Ka ga na samu farin dutse ke nan."

Muka yi dariya, amma ranar bai iya gama kwanon shinkafarsa ba.

Saura kwana biyu biki, sakataren Gwamna ya aiko da tambaya ƙarama. Wane doki ne zai fara sha?

Ba zan ɓoye ba, Mai Girma ya nuna jarunta. Bai nuna alamar cewa wannan ne karo na farko da tambayar ta zo masa ba. Ya aika filin sukuwa aka aro wani farin doki mai hankali, muka sa masa suna Kili. Da sassafe ranar biki aka kawo shi gindin matakala. Ya dubi matakalar. Ya dubi mutanen da ke jansa. Ya kafa ƙafafu huɗu. Aka ja, aka tura, aka nuna masa rake. Ko motsi.

To, a garin nan abin da ya ƙi tafiya da ƙafarsa an san yadda ake yi da shi. Aka ɗaure masa ido da ƙyalle, aka zura tamfol a ƙarƙashin cikinsa, aka ɗaura a manyan gora huɗu. Mu goma sha shida muka ɗaga doki. Matakala ɗari uku da saba'in muka hau da shi, ƙafafunsa na lilo a iska. Mata suka fito ƙofar gidaje suna riƙe ciki.

"Sannunku da ɗaukar ango! Ina amaryar?"

"Tana ƙolin dutse, Goggo, ita ma mu za mu sauko da ita!"

Zan faɗi gaskiya game da Kili. Bai kaɗa hannu ba. Bai ce sauri ba. Da muka sauke shi a Mahuta muka kwance masa ido, sai ya sunkuyo ya goga hancinsa a kafaɗata, daidai inda sanda ta ci.

Daga nan na ƙarasa ƙolin dutse da ƙafa, mu huɗu muka sauko da Mai Girma. Gwamna kuma aka hawo da shi daga ƙasa, da masu ɗaukarsa takwas, ƙafarsa ɗaya naɗe da bandeji saboda ciwon gaɓɓai. Matarsa a tata kujerar, 'yan majalisa a nasu, da mai rubuta jarida. Wurin biki ne, ba yadda za a yi, duk aka sauke kujeru a Mahuta. Na dubi Kawu Ngau. Ya dube ni. Ba mu ƙulla da kowa ba, ba ma buƙata.

Rana ta take tsaka, Mai Girma ya hau akwati.

"Ranka ya daɗe, jama'a masu daraja! Shekara ashirin da biyu da suka wuce na sauka a gaɓar nan ba ni da komai sai gaskiya da tausayi. Yau ina mayar wa tsibirin nan kaɗan daga abin da ya ba ni. In bayan shekara ɗari wani doki ya tsaya a nan ya kashe ƙishirwa, ba na roƙon ya tuna da sunana. Na dai rubuta shi ne don masu wucewa."

Ya yi awa guda. Na san kowace kalma, har inda zai tsaya a tafa. Aka tafa. Aka jawo Kili. Ya tsoma baki ya sha, ya sha, ya ƙara sha, da ƙara irin ta doki, a gaban mutum fiye da hamsin da ba su ga ruwa ba tun safe. Na ji maƙogwaron na kusa da ni na motsi.

Gwamna ya ce madalla, aka taimaka masa ya shiga kujera. Mai Girma ya shiga tasa, ya gyara hula, ya fito da ɗaya daga cikin kalmominsa huɗu.

"Ɗaga!"

Kowa na tsaye kusa da sandarsa, hannu a gefe.

"Ɗaga! Sauri! Wawa!"

Uku ke nan. Ta huɗun kuwa, tsaya, mun riga mun yi.

Kawu Ngau ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Gaya masa, Shing. Kai ne ka sha karatu."

Na matsa gaba na cire hula. Ban san wani Turanci ba sai nasa, saboda haka da shi na yi amfani.

"Ranka ya daɗe, jama'a masu daraja. Ana gane wayewar al'umma ta yadda take kula da al'adunta. Kayan da aka sauke a nan ba a ɗaga shi sai an sha ruwa. Doka ta hana mu sha. Mu masu biyayya ne, ba za mu sha ba. Kuma zuciyarmu ba za ta ɗauka ba."

Da kujerar ce ta buɗe baki ta yi magana, da bai fi haka razana ba. Ya dube ni sosai, karo na farko a shekara goma sha tara. Ina jin ranar ya san ina da gashin baki.

"Kofur! Kama su! Duka!"

Kofur Harnam ya ƙame ya sara. "To, ranka ya daɗe. Amma ba su karya doka ba, ba wanda ya sha. In kuma na tafi da su, wa zai sauke Gwamna? Da dokin?"

Kowa ya juya ya dubi Kili. Ya gama shan ruwa, ya koma cin furannin da aka yi wa kwamin ado da su.

Mai Girma ya fito daga kujera, fuska ja kamar dafaffen ƙaguwa. Ya ce Bature ba ya roƙon kowa, zai nuna mana. Ya nufi matakala da ƙafarsa. Na ƙirga masa, don aikina ne. Goma sha ɗaya ya taka. A ta goma sha biyu ya zauna, wai yana duba tsarin ginin.

Gwamna ya leƙa ƙasa, ya ga matakala ɗari uku da saba'in. Ya dubi bandejinsa. Ya yi magana a hankali, irin ta mutumin da rana ta fara dafa masa kai.

"Mista Tuckwell, dokar nan, wa ya kawo ta?"

"Majalisa ce, ranka ya daɗe. Aikin majalisa ne gaba ɗaya."

A iya sanina wannan ne karo na farko da ya bar wa wasu yabon aikinsa.

"To majalisa duk tana nan," in ji Gwamna, "kuma tana son zuwa gida. A ɗaga hannu."

Ba a taɓa soke doka da sauri irin na ranar ba. Amma kada a zaci Mai Girma ya sha kaye. Mutum biyu suka tallafo shi, ya sake hawa akwati, yana haki.

"Jama'a masu daraja! Abin da na daɗe ina ɓoyewa a zuciya yau ya fito. Tun farko burina shi ne ɗan adam da dabba su sha daga alherina tare. Ku matso, 'ya'yana! Ku sha!"

Ba wanda ya matsa sai da Kawu Ngau ya matsa. Bai kalli kwamin ba. Ya zagaya bayan bishiya ya ɗauko tsohon tsagin gora inda aka yar da shi, ya cusa a bakin zakin tagulla, ruwa ya biyo gora ya zubo gefe kamar da. Ya tara hannu. Na farko ya kai wa Kakan Ƙasa. Na biyu ya sha. Na uku ya jiƙa wuya, ya rufe ido, ya daɗe a haka.

Sannan ya ce, "Kofur, zo ka sha, ɗan'uwa. Kai ma tun safe kake tsaye."

Muka sha, muka ɗaga. Gwamna ƙasa, Buhu Uku sama. Sandar baya ta dama ba ta lanƙwasa ko sau ɗaya ba. Muka dawo muka sauke Kili kafin la'asar.

Washegari jarida ta buga labarin tsohon bawa mai aminci da ya fara shan ruwa daga hannun ubangidansa mai tausayi. Daga nan korar Kawu Ngau ta gagara. Ya zama abin nunawa. Duk baƙon da ya zo cin abinci sai an kira shi ƙofa. "Ga tsohon da na ceta daga ƙishirwa." Kawu Ngau ya sunkuya, ya yi murmushi, ya ce da harshenmu, "Buhu uku da rabi." Mai Girma ya gaya wa baƙi godiya yake yi. Shekara huɗu ya ƙara yana riƙe da sandarsa, ya ajiye ta da kansa ranar da ya ga dama.

Kwamin na nan har yau. Doki bai sake zuwa ba. Mata na wanke kabeji a ciki. Duk wata Mai Girma kan aiko a goge haruffan sunansa da burushi, suna ƙyalli tun daga nesa. Amma ka tambayi kowa a tsibirin nan, daga masunta har akawun gidan waya, za a ce maka wurin sunansa Kwamin Kili. Sau uku ya rubuta wa jarida yana gyara kuskuren.

Wata rana da la'asar, muna sauke a Mahuta, ya kira ni. Tun ranar biki ya daina gwada jawabi a cikin kujera, kafaɗata ta samu sauƙi.

"Kai mai gashin baki. Me ya sa mutanenku ke kiran wurin nan da sunan doki?"

Na ce ban sani ba, ranka ya daɗe, jahilci ne.

Ya gyaɗa kai, amsar ta yi masa daidai.

Na sani sarai. Manya da yawa muka kawo Mahuta a kafaɗa. A cikinsu Kili kaɗai ne ya sha ruwan nan ya tafi, har ya mutu bai ce shi ya kawo shi ba.